Askin Dalpat, Ubansa na da Rai

Duk wanda ya taɓa shan shayi a bakin ƙofar kamfanonin magani na Ankleshwar, a ƙasar Indiya, ya san Guman Sing. In bai san sunana ba, ya san gashin bakina. Ban taɓa zama a aji ba, da babban yatsa nake sa hannu har na bar aiki, amma babu tankin da ban shiga ba a wannan gari. Na shiga wanda kare ba zai leƙa ba. Na ga hayaƙi ruwan ɗorawa yana bin ƙasa kamar ambaliya, maza na gudu suna zubar da takalma, ni kuwa na tsaya na murɗe famfon na rufe. Sau uku mutuwa ta zo ɗaukata a bakin aiki, sau uku ta koma hannu banza.

A zamaninmu ba mu san wani abin kariya ba sai jiƙaƙƙen tsumma a hanci. In an tashi aiki kamfani ya ba kowa dunƙulen mazarƙwaila da kofin madara, wai suna wanke ƙirji. Mun yarda, mun ci, mun sha. Ga ni nan kuma har yau.

Matata Sugan ba ta barin in kai ƙarshen wannan magana.

"In mutuwa hannu banza ta koma, uban Dalpat, wa ya tafi da rabin numfashinka? Mutumin da ba ya iya hawa bene sai ya huta a tsakiya?"

"Kallon gari nake tsayawa yi."

"A cikin matakala? Wane gari ake gani a nan, bango?"

Haka take tun tana amarya. Ban kula ta.

Mu mutanen Marwar ne, neman abinci ya kawo mu nan, kuma mun zo da al'adarmu. A danginmu ɗa ba ya sa aska a gashin bakinsa da sajensa muddin ubansa na numfashi. Haɓa a aske, kai a rage, amma daga ƙarƙashin hanci zuwa kunne ba a taɓawa. Ranar da uba ya faɗi, ranar wanzami ke zuwa. Shi ya sa in ka ga ɗanmu fuska fayau ba sai ka tambaya ba, gaisuwar mutuwa kawai za ka yi masa. Ni sau ɗaya na taɓa askewa, ranar da muka ƙona gawar mahaifina, kuma askar tana nan a akwatina naɗe cikin tsumma.

Ɗa ɗaya Ubangiji ya bar mana, Dalpat. Ya gaji aikina a kamfanin da na bari, ya kuma gaji gashin bakin gidanmu. Nasa baƙi wuluk, mai kauri, ya ratsa kumatu ya haɗe da saje har kunne. In muna tafiya tare a layi mutane kan ce ga tsohon zaki ga sabo. Nawa ya fi tsawo, amma ba na faɗa a gabansa.

To, a bara kamfanin ya ɗauko wata yarinya mai suna Hetal ta kula da tsaron lafiyar ma'aikata. Ita ta kawo sabon takunkumi, na roba mai gilashi, wanda ke rufe fuska daga goshi har ƙarƙashin haɓa, da tiyo mai kai wa mutum iska daga waje. Ta ce babu mai shiga wankin tanki sai an gwada ya kama fuskarsa. Wanda bai kama ba ya aske gashin da ya tokare robar, ko a cire shi daga masu shiga. Dalpat kuwa shi ne shugaban masu shiga, shi ke fara sauka.

Ran gwajin ya dawo da yamma yana murmushi.

"Na haye, Bawsa. Ba abin da za a taɓa." Bawsa, haka ɗa ke kiran ubansa a wurinmu.

Na buga ƙirji na fita layi ko rawani ban gyara ba. Na gaya wa mai shayi, na gaya wa mai kayan miya, na gaya wa Kanji wanzami cewa gashin bakin gidan Guman ko roba sai ta yi masa biyayya. Kanji ya ce to, shi dai ya aske mutum goma sha wani abu a makon nan saboda yarinyar, yana yi mata addu'a.

Washegari da hantsi, Dalpat ya tafi aiki, Sugan ta tafi famfo, ina zaune kan gadon igiya a tsakar gida. Sai ga surukata Resham, matar Dalpat, ta fito lulluɓe har ƙirji kamar kullum. Tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa yi mini magana baki da baki ba, ba a yin haka a wurinmu. In tana da abin faɗa mini, randa take gaya wa. Ta durƙusa gaban randar ruwa, ta juya mini baya, tana goge murfin da ba shi da datti.

"Randa, kin ga abin da na gani jiya?" in ji ta, ƙasa ƙasa. "Wani ya dawo daga gwaji yana dariya a tsakar gida, amma da ya shiga ɗaki sai kurkure baki yake yana tofarwa. Ya cinye mazarƙwailar da na ajiye don shayi. Na ba shi gurasa da miyar wake ya ce komai ɗaci."

Na yi tari, alamar ina ji.

"An ce in mutum ya ji ɗaci a gwajin, takunkumin bai kama ba ke nan. Shi ya ji, ya haɗiye, ya ce bai ji ba. Kuma bayan bikin fitilu za su shiga babban tanki. Ni dai ba ni da bakin faɗa. Amma akwai masu baki a gidan nan, har ya yi musu yawa."

Ta tashi ta shige. Yarinyar da ba ta taɓa ɗaga mini ido ba, ga abin da ta jefe ni da shi.

Da farko haushi na ji. Ɗaci? Ɗaci ne zai kashe ɗan Guman Sing? Mu da muka shiga da tsumma! Na naɗa rawanina na zuwa biki, na murza gashin baki da man kwakwa, na hau keke mai ƙafa uku na nufi kamfanin, da niyyar in nuna wa yarinyar nan cewa wasan yara take yi.

Mai gadi ya san ni, ya sara mini, amma bai bar ni na wuce ba sai da ya kifa mini hular kwano a kan rawani. Ni, da na ga lokacin da ake haƙa harsashin wurin! Ya kai ni wani ƙaramin ɗaki kusa da ƙofa. Na ɗauka zan ga wata gabjejiya, sai na ga 'yar siririya, ba ta kai kafaɗata ba, tana cin gyaɗa.

"Kaka, kai ne baban Dalpat," in ji ta. "Ba sai an gaya mini ba. Zauna. An ce kai ka rufe famfo ran da hayaƙi ya ɓalle."

Yarinya mai hankali. Nan take na ga tana da tarbiyya.

Na ce, "'Yata, na ji ana wani gwaji da ke sa maza aski. Na zo a gwada ni. Ina so ki ga yadda fuskar mutanen da take."

Ta yi dariya, ta ce ai na bar aiki. Na ce fuskata ba ta bari ba. Ta duba ni, ta ɗaga kafaɗa, ta ɗauko takunkumin. Ta ja maɗauransa ta ɗaure har na ji kaina zai tsage. Sannan ta kifa mini wata babbar hular leda har kafaɗa, ta zura bakin wani ɗan abin feshi ta wata kafa, ta matsa.

"Yi numfashi kamar kullum. Juya kai dama. Hagu. Yi magana, Kaka."

"Magana ai ita ce sana'ata. Ni Guman Sing, sau uku..."

Ban kai ƙarshe ba. Na sha maɗaci, na sha maganin asibiti iri iri, na taɓa fasa matsarmamar akuya a baki bisa kuskure. Duk zuma ne a kan wannan. Ya bi ta gefen kumatuna, daidai inda saje ya tokare robar, ya sauka kan harshe ya wuce maƙogwaro. Na yi niyyar daurewa, na rantse da gashin bakina na yi niyya. Amma hannuna da kansa ya fizge ledar.

Ta miƙo mini ruwa, ba ta yi dariya ba, abin da na ƙara ganin girmanta ke nan.

"Gashi ɗaya ya isa ya ɗaga robar," in ji ta. "Wannan da ka ji ɗaci ne kawai, ba ya cutarwa, an yi shi don ya tona asirin kafa. Abin da ke kwance a gindin tanki ta wannan hanyar zai bi, shi kuma ba ya sallama. Wani lokacin ka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai, kafin ka ce mene ne hancinka ya mutu, ka ɗauka ya wuce."

"Na sani," na ce.

"Ɗanka ya ba ni mamaki. Na yi ta fesawa ya ce bai ji komai ba. Ya roƙe ni in gwada shi da gashin, na yarda. Gwajin nan da gaskiyar mutum yake aiki, Kaka. Ba zan iya shiga bakinsa in ɗanɗana ba."

Ta zuba mini ido. Na ce shayin kamfani ya lalace tun da na bar wurin, na tashi na fita.

Ban hau komai ba a komowa, na bi bakin katanga a ƙafa ina hutawa. Akwai labarin da nake bayarwa a teburin mai shayi, na mutuwa ta biyu, yadda na sauka tanki ɗauko abokina Gafur, aka jawo ni da igiya, na farka a asibiti ina neman taba. A nan nake tsayawa, a tafa mini. Abin da ya biyo baya ba ya daɗin shayi. Gafur zama ya yi a gindin tankin kamar wanda ya gaji, bai ko yi ihu ba, kuma bai tashi ba. Da na fito daga asibiti na tarar da tsohonsa zaune a bakin wannan ƙofa, riƙe da kwanon abincin ɗansa a cinya. Ba ya kuka, ba ya tambayar kowa komai. Kullum sai ya zo lokacin tashi aiki ya zauna yana duba fuskokin masu fitowa. Ranar nan, ɗaci a bakina, shi na yi ta gani a bakin katangar.

Ran hutun Dalpat na jira har ya ci abincin rana. Na sa Resham ta kawo shayi biyu, na ce ya zauna kusa da ni.

"Na je kamfani. Yarinyar ta gwada ni."

Kofin ya tsaya a hannunsa.

"Har yanzu bakina bai dawo daidai ba. Kai ka haɗiye wannan abu ka yi murmushi? Lallai jinina ne kai. Ko ni, da na fi ka komai, ban iya ba." Na kurɓi shayi. "Gobe za ka aske."

"Ba zan aske ba, Bawsa."

"Ubanka ne ke magana."

"Shi ya sa."

"Kai, ɗan jaki! Al'adar tawa ce ko taka? Don ni aka yi ta, ni kuma na yafe."

"Ba a yafe ta. Ka taɓa jin wanda ya yafe?" Ya ajiye kofin. "Zan cusa gashin ciki, in shafa mai a bakin robar. Ba zan daɗe a ƙasa ba. Kai da tsumma ka shiga ka fito."

"Ni ne ni. Ba a haifi biyu ba."

"To a cire ni daga masu shiga? In sa yaran da suka zo jiya su sauka gabana ina tsaye a sama ina murza baki? Wannan ma ba zan yi ba."

Na ce in bai aske ba zan koma in gaya wa yarinyar gaskiya da bakina. Ya ce in je. Sugan na zaune a ƙofar kicin tana tsince shinkafa.

Sai Dalpat ya sunkuyar da kai, ya yi magana da wata murya da na rabu da ji tun yana ƙarami.

"Ni na kai ka wurin likita da damina. Ka ɗauka ban ji abin da ya ce ba don ka yi ta surutu a kansa? Ina jin tarinka ta bango kowace safiya. In na aske yau, wani abu ya same ka gobe, ina zan sa kaina? Kowa zai ce ɗansa ya yi masa aski tun yana da rai, ya kira masa mutuwa. Ko ba su ce ba ni zan ce."

Ashe abin da ke cikinsa ke nan. Ni da na ɗauka ado yake karewa.

Na kama bayan wuyansa kamar yadda nake yi lokacin da yake hawa kafaɗata kallon wasan wuta.

"Saurara, yaro. Mutuwa ta san gidan nan, ba sai an aika mata da aska ba. Ta san ni na san ta, in ta shirya za ta zo, kuma sai ta yi da gaske. Amma gaya mini abu ɗaya. Kakanninmu sun tsara abin da ɗa zai aske in ubansa ya mutu. Me suka tsara wa uban da ɗansa ya riga shi? Me zan aske? Wa zai sa wa gawata wuta, Kanji wanzami?"

Ya kau da kai, na ci gaba.

"Kuma ai wata rana za ka aske ɗin, ina kwance ba na gani. Wannan wace irin rowa ce? Rabona da ganin fuskarka tun kana saurayi. Ina so in ga ko har yanzu kana da tabon nan da ka samu a bakin rijiya. Ka nuna mini tun ina da ido."

Ya rufe fuska da hannu biyu. Daga can gaban randa na ji ana jan hanci.

Da safe na aika a kira Kanji. Ya zo da jakarsa yana fara'a, ya ɗauka haɓa ce. Da ya ji abin da ake so sai ya ja da baya har ya taka kwanon kaji.

"Ranka ya daɗe, ni? In aske ɗa, uba na zaune yana kallona? Na aske Gujaratawa 'yan gari, na aske mutanen Bihar, su ba ruwansu. Amma ni da ku ƙasarmu ɗaya. Hannun nan ba zai yi ba, ko za a yanke shi."

"Matsoraci. Kakanka ma haka yake, shi ya sa aka ba ku almakashi aka ba mu takobi."

"Takobin yana ina? Ni dai ga almakashina."

"Ajiye sabulun ka ɓace."

Na buɗe akwati na ɗauko askar mahaifina. Na wasa ta a kan fata har ta ɗauki ido. Dalpat ya zauna a kan turmi, ya ɗaga fuska sama, ya rufe ido kamar ragon layya. Na rage gashin da almakashi, yana zuba kan cinyarsa baƙi ƙirin. Na shafa kumfa. Da na ɗaga askar sai hannuna ya kama rawa. Sanyin safiya ne. Sugan ta ajiye kwanon ruwan ɗumi, ta zo ta tsaya a bayana, ta riƙe gwiwar hannuna da tafinta. Haka muka yi askin mu biyu, ni ina ja tana tokarewa.

Daga kunne na fara. Fatar da ke ƙasa fara sol, mai laushi, kamar ta jariri. Tabon rijiya na nan a gefen leɓe, ɗan ƙarami kamar ƙwayar shinkafa. Da na share kumfar ƙarshe na ja baya in duba aikina, sai na ga ba ni ya ɗauko ba sam. Bakin Sugan ne, da ɗan lotsawar nan ta kumatu, sak ranar da na fara ɗaga lulluɓinta.

"Shekara da shekaru ana cewa ɗan ubansa," in ji Sugan. "Ashe nawa ne, ɓoye mini shi kuka yi a cikin ciyawa."

Dalpat ya buɗe ido. Abin da ya fara yi shi ne ya duba ni, sama da ƙasa.

"Ina nan," na ce. "Ko atishawa ban yi ba. Tashi ka tafi aiki, ka gaya wa yarinyar nan abin da ka haɗiye."

Ya taɓa ƙafata, ya ɗauki kwanon abincinsa ya fita.

Abin da babu wanda ya tuna a cikinmu shi ne layi. Rabin layinmu mutanen Marwar ne. Dalpat ya bi ta tsakiyarsu a kan babur, fuska fayau, ido jajir, bai tsaya gaisawa da kowa ba. Ni kuwa askin ya gajiyar da ni, na shiga ɗaki na kishingiɗa a bayan labule.

Ban daɗe ba na ji kururuwa daga bakin layi. Jamna ce, maƙwabciyarmu, wadda ba a yin mutuwa a unguwa ba ita a gaba ba.

"Wayyo Guman-ji! Wayyo zakin layi! Jiya jiya na gan shi yana zagin mai kayan miya!"

Kafin ka ce me, tsakar gida ta cika. Mata suka kewaye Sugan. Na leƙa ta kafar labule, na ga ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na girgiza. Su sun ɗauka kuka take. Ni da na san ta, na san dariya ce ta hana ta magana, kuma da gangan ta ƙi hanawa. Resham ba ta iya buɗe baki gaban manya, ta gudu bayan randa. Maza suka cire takalma suka zauna a ƙasa, kai a sunkuye.

Na ce bari in ji. Ba kowa ke samun irin wannan dama ba.

"Mutumin kirki," in ji wani. "Surutu dai."

"Surutu kam. Amma ran da ɗana ya ƙone a hannu shi ya goya shi har asibiti."

"Rabin labaransa ƙari ne, amma rabin da ya rage ma ya ishi mutum."

Na daure. Sai mai shayi, mutumin da na yi shekaru ina ba shi labari kyauta, ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Sau biyu ya tsallake mutuwa a kamfanin nan."

Na yaye labule.

"Uku! Sau uku, ɗan banza! Ban ko huce ba har kun fara rage mini?"

Jamna ta zube a kan kwandon albasa. Wani tsoho ya fita da gudu ba takalmi, sai da aka bi shi da su. Da hankali ya dawo aka yi ta faɗa, wasu na dariya, wasu na cewa abin da muka yi ba a taɓa yi ba, ba kuma zai haifar da alheri ba. Na ce duk wanda ke da ɗa mai shiga tanki ya zo in kai shi wurin yarinyar ya ɗanɗana, sannan ya dawo mu yi maganar kakanni. Tunda an riga an taru, na sa aka dafa shayi. Har yau akwai gidaje biyu da ba sa amsa gaisuwata. Su suka sani.

Dalpat ya gaya wa Hetal gaskiya. Ya ce ta yi masa faɗan da ko ni ban taɓa yi masa ba, a gaban yaransa, sannan ta ce daga ranar ba za ta ƙara gwada mai gashi a ƙarƙashin roba ba, ko ubansa ne ya gina kamfanin. Ta sake kifa masa ledar, ta fesa, ta ƙara fesawa. Ya ce wannan karon bai ji komai ba sai warin roba.

Bayan bikin fitilu aka buɗe babban tankin. Na ce wa Sugan zan je shan shayi. Ta ce shayin gida guba ne? Amma ta miƙo mini sandata. Na zauna a teburin bakin ƙofa tun hantsi, ban ba da labari ko ɗaya ba, har mai shayi ya tambaya ko ba ni da lafiya. Ina kallon ƙofar, ina sauraron jiniya. Ba ta yi kuka ba sai ta tashin aiki.

Suka fara fitowa. Na duba fuskoki, ina neman gashin baki, na manta. Sai wani saurayi mai kama da matata ya tsaya a gabana yana share gumi.

"Bawsa, me kake yi a nan?"

"Shayi."

Takunkumin ya bar masa jan zane a fuska, daga goshi, ta gefen ido, ta kumatu, har ƙarƙashin haɓa. Na ce ya sunkuyo. Na sa babban yatsana, wanda na yi rayuwata ina dangwala wa takardun kamfani, na bi zanen a hankali, na zagaye fuskar har na dawo inda na fara. Babu inda ya yanke, robar ta kama ko'ina.

"Aikin wanzami mai kyau ne," na ce. "Wa ya yi maka?"

Yanzu da kansa yake aske fuskarsa kowace safiya kafin ya fita. Amma kafin ya ɗauki askar sai na ji sawunsa a ƙofar ɗakina. Yana ɗaga labule kaɗan, ya tsaya, yana sauraro. Ya ɗauka barci nake. Ni kuwa sai in cika ƙirjin nan da duk abin da ya rage masa, in saki minshari mai ƙarfi wanda za a ji har bakin layi, sai na ji ya sauke labulen ya tafi.